Ranar da Rediyo Ya Kwanta Gawa a Falonsa

Rediyo mijin ƙanwata ne, kuma tare muka yi aiki a gidan burodi tun gashin kanmu yana baƙi. Ni ina bakin tanda, shi yana kan teburin mulmula. Sunan da muka laƙaba masa ba sai na yi bayani ba. Tun daga bakin ƙofa kake jiyo muryarsa, yana labarin ƙwallo, ko tsadar fulawa, ko auren wani da ba wanda ya san shi a cikinmu. Kafin hannunsa ya mulmula burodi ɗaya, bakinsa ya mulmula labari uku. Ban taɓa ganin ya riga na kusa da shi gama aiki ba, ban kuma taɓa ganin ya rasa dalili ba.

Duk da haka muna zaune da shi lafiya. Aikin zafi yana son mai surutu a kusa, ko don mutum ya manta da ciwon baya. In an sauke gashin safe, mukan zauna a kan wani dogon benci a bayan sito mu ci abinci, kuma in za a faɗi gaskiya shi ne gishirin zaman. Shi ya sa da ya nemi ƙanwata ban hana ba. Na dai ce mata, "Za ki sha magana." Ta ce gara mai magana da mai kumburi irina.

A gidan burodinmu akwai wata doka da ba a rubuce take ba. In burodi ya ƙone, ko wani ya manta gishiri, ko tire ya kife a ƙasa, mai gida ya zo yana tambayar wa ya yi, amsa ɗaya ce a bakin kowa: "Ban gani ba." Sai hukuncin ya hau kanmu duka, a hana mu hutun mako, ko a sa mu kankare gwangwanaye bayan an tashi. Mu kuma a bayan sito mu wanke mai laifin tas, har ya gwammace kiɗa da karatu. Amma maganar ba ta wuce benci. Wanda ke aiki da wuta da inji ya san yau kai ne, gobe ni ne, kuma ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba.

Wanda ya koya mana wannan doka shi ne Gwani, tsohon da ke riƙe da injin kwaɓi tun kafin a ɗauki ko ɗaya daga cikinmu. Shi ya kama hannun Rediyo ya koya masa mulmula. Ranar da Rediyo ya bar tagar sito a buɗe ruwan sama ya jiƙa buhunan fulawa, Gwani ne ya fara cewa bai gani ba, muka bi bayansa, muka kankare gwangwani har yatsunmu suka yi tsami.

Wata rana wani noti ya kwance daga jikin injin ya faɗa cikin kwaɓi. Ya bi burodi har gidan wata mata, ta ci karo da shi a haƙori. Ta zo da rabin burodin a hannu ɗaya, notin a ɗaya hannun, tana zuba ruwan bala'i. Mai gida ya jera mu yana bi ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ba da amsar da aka saba. Da aka zo kan Rediyo sai ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, ni dai na ga notin nan yana rawa tun makon jiya. Kuma injin a hannun Gwani yake."

A ranar aka sallami Gwani. Kafin wata ya mutu an naɗa Rediyo shugaban aiki, aka ba shi farar riga mai aljihu da biro.

Ya sha kare kansa. Duk wanda ya tare sai ya ce, "Da yaro ne ya haɗiye fa?" Sau ɗaya na tanka masa. Na ce, "Gaskiya ka faɗa. Amma kai da ka ga yana rawa tun makon jiya, ga sifana ta ɗaure noti can rataye a bango, me ya hana ka ɗaure shi?" Ya fara wani dogon bayani, na koma bakin tandata na bar shi da shi.

Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ƙi bin umarninsa. In ya ce a ƙara wuta, a ƙara. In ya gaishe ka, ka amsa da kalma ɗaya. Abin da aka yi masa kawai shi ne, in ya nufo benci da kwanon abincinsa sai kowa ya ɗan baje, wuri ya ƙare. Ya gwada kawo lemo mai sanyi ya jera mana, ya huce a inda ya ajiye shi. Ya gwada tsayawa daga gefe yana jefo labari, sai hirar ta mutu har ya tafi. Da wani ne, wannan ba zai dame shi ba. Ni da za a yi mini haka sai in gode wa Allah. Amma Rediyo magana ce abincinsa, sai ga shi yana ramewa a cikin farar rigar. Gwani kuwa ya samu gadi a wani shagon kayan gini, yana buɗe wa motocin siminti ƙofa a cikin rana.

Haka muka ci shekaru. Sai ran nan ƙanwata ta same ni a gida ina wanke takalman aiki.

"Yaya, mutumin nan zai haukace mini. Ni kaɗai yake juye wa surutun mutum goma. In barci ya ɗauke ni ya ci gaba da bango."

"Na faɗa miki tun farko."

"Ba dariya na zo ba. Bencin nan naku yake so ya koma, shi ne duk abin da yake nema a duniya. Kuma ya san ba mai matsa masa sai in Gwani ya yafe."

"To ya je ya durƙusa a gaban Gwani. Shagon ba ɓoyayye ba ne."

"Ya je ya fi a ƙirga. In ya isa bakin ƙofar sai ya wuce kamar mai neman wani gida."

Mutumin da ba ya rasa abin faɗa, kalma biyu sun gagare shi. A maimakonsu sai ya samo wani wasa a waya. Wai a tara abokai a gida, a ba kowa matsayin da zai taka, a yi kamar an kashe wani, sauran su yi ta tuhumar juna har a gano wanda ya yi kisan. Wai manya ne ke yi, ana ci ana sha ana dariya. Na ce mata wannan shirme ne, mutanen da suka tsufa ba su nuna juna da yatsa ba, su za a tara a ce su yi wasan nuna yatsa? Ta ce ita ma ta faɗa masa, ya ce ai shi ne daɗin abin.

Ita ta bi mu gida gida. Direba, mai kai burodi shaguna, ya ce zai zo saboda ita. Uwar Leda, wadda ke zuba burodi a leda tun tana goyo har ta yi jikoki, ta ce za ta zo ta ga ƙarshen rashin kunya. Gwani kuwa sai da ƙanwata ta tsaya masa a bakin shago cikin rana, ta ƙi zama, ta ƙi shan ruwa, har kunya ta kama shi ya ce zai zo.

Ranar hutu da la'asar muka hallara. An ture kujerun falo jikin bango, an ƙaro na roba daga maƙwabta. An saki labule, an kunna kyandir, ga rana a waje tana dukan kwanon rufi. A kan tebur ga shinkafa da kaji da lemo, ga wani kwali cike da tarkace: baƙin tabarau, sandar dogarawa, gashin baki na roba. Rediyo ya sa kwat ɗin aro da ta yi masa yawa a kafaɗa. Yana ta kai da komo, yana gaishe da kowa sau biyu. Da Gwani ya shigo, Rediyo ya miƙa masa hannu biyu. Tsohon ya sunkuya yana cire takalmi har hannun ya gaji ya koma.

Labarin wasan shi ne, wani mai otal ne ya gayyaci mutane liyafa, kowannensu yana da dalilin ƙinsa. Rediyo ne mai otal ɗin, kuma shi za a kashe. Ƙanwata ce mai bincike, ya ɗora mata wata hula ya ba ta gilashin ƙara girman rubutu. Mu kuma ya riƙa kiranmu kicin ɗaya bayan ɗaya yana raɗa wa kowa matsayinsa.

"Yaya, kai likita ne," ya ce da ni, yana rataya mini wata igiya a wuya a matsayin abin awon ƙirji. "Ka ƙi jinina saboda na san ka taɓa yi wa wani allurar da ba ita ba."

"Ba sai ka ba ni dalili ba. Ina da nawa."

Ya yi dariya kamar wasa na yi.

Uwar Leda ta fito tana karkaɗa wani gyale mai ƙyalli. "Wai ni mawaƙiya ce. Da wannan muryar tawa da ke tashin jariran maƙwabta."

"Ni lauya," in ji Direba. "Ni da ko takardar mota sai an karanta mini."

"Ai ka iya ƙarya, ya isa."

Aka ɗan yi dariya. Na ga Rediyo ya leƙo daga kicin fuskarsa ta washe, ya ɗauka abin ya fara kamawa. Gwani ne ya shiga ƙarshe, kuma shi ya fi daɗewa. Ya fito ba komai a hannunsa, ba komai a fuskarsa, ya koma kujerarsa ya dafa gwiwoyi.

Rediyo ya tsaya a tsakiyar falo ya karanto dokoki. Kowa zai rufe ido, ƙanwata za ta sa kiɗa a waya. Mai kisan, wanda shi kaɗai ya san kansa, zai taso a hankali ya dafa kafaɗar mai otal ya koma wurinsa. Mai otal zai faɗi. Daga nan gawa ba ta magana, ba ta motsi, sai an gano wanda ya yi. Ya maimaita wannan har sau biyu, yana ɗaga yatsa.

Aka sa kiɗa. Ni ban rufe ido ba, wanda ya saba tsaron tanda ba ya rufe ido don an ce ya rufe. Na duba, Direba yana kallo ta ƙasan tabarau, Uwar Leda tana leƙe ta tsakanin yatsu. Ƙanwata kaɗai ta runtse nata da gaske, sai shi Rediyon. Yana tsaye, ya karkatar da kafaɗarsa ta dama wajen kujerar Gwani, kamar mai jiran a ɗora masa kaya. A nan na gane abin da ya shirya. Gwani ne mai kisan da ya zaɓa. Ya kasa zuwa ya ba shi haƙuri, shi ne ya kawo shi gida don tsohon ya kashe shi da wasa, a yi dariya, a tashi an huce.

Gwani bai motsa ba. Idonsa a buɗe, yana kallon bayan kwat ɗin.

Kiɗan ya ƙare. Rediyo ya ce, ido a rufe, "A sake sawa, wataƙila mai kisan bai shirya ba." Aka sake. Gumi ya fara bin wuyansa. Kafaɗar ta ƙara karkata har ya kusa tuntsurewa. Da kiɗan ya zo ƙarewa karo na biyu, sai ya saki wata ƙara ya zube ƙasa shi kaɗai, gwiwar hannunsa ta bugi ƙafar tebur, kwalaben lemo suka yi ƙara.

Ƙanwata ta buɗe ido, ta gyara hula. Ita ba ta san abin da ya faru ba. Ta zagaya gawar da gilashinta, tana ƙoƙarin yin muryar hukuma.

"Likita, kai ka fi kusa da shi. Me ka gani?"

"Ban gani ba."

"Lauya?"

"Ban gani ba, ranki ya daɗe."

"Mawaƙiya, an ce kin yi faɗa da shi jiya."

"Ban gani ba, ban ji ba."

Ba mu haɗa baki ba. Tambayar ce ta zo a yadda muka saba jinta, amsar ta fito da kanta. Ƙanwata ta sauke gilashin.

"Haba, wasa ne fa. Ai sai kun zargi juna sannan a ci gaba. Yaya, ka ce lauya ne mana. Ko ƙarya ce ka faɗa."

"Ba mu iya ba," in ji Direba. "Wanda ya iya ga shi nan a kwance."

Ya tashi, ya tsallake ƙafafun gawar, ya ɗauko cinyar kaza ya dawo ya sake tsallakewa. Uwar Leda ta leƙa fuskar Rediyo ta girgiza kai.

"Allah ya jiƙan mai otal. Ya sha magana a duniya. Ku ji yadda gidan ya yi tsit, har ana jin agogo."

"Likita, duba mana ko da sauran numfashi."

"Ba fannina ba ne," na ce. "Ni allura nake yi."

Rediyo yana kwance a kan tayil, kumatunsa a ƙasa, ƙuda yana yawo a kan kunnensa bai kore shi ba. Zan ba shi wannan, ya riƙe dokarsa fiye da yadda na zata. Ƙanwata ta dube ni, na kau da kai. Sai ta juya wajen tsohon, muryar hukumar ta tafi, ta koma tata.

"Baba, kai fa? Ka ga wani abu?"

"Na gani," in ji Gwani.

Direba ya daina tauna.

"Tun da na fara aiki ban taɓa faɗin abin da na gani a kan abokin aiki ba. Amma wannan ba abokin aikina ba ne, don haka zan faɗa miki. Ba wanda ya taɓa shi. Shi ya jefar da kansa. Ni ya ba kisan a kicin. Ya ce in dafa kafaɗarsa, in na ga dama ma in hankaɗa shi da ƙarfi, ba zai ji haushi ba. Wai in huce." Ya ɗaga hannunsa na dama ya juya shi, fatar ta yi baƙi ta tsattsage saboda rana da ƙurar siminti. "'Yata, wannan hannun da kwaɓi ya saba, yanzu ƙofar ƙarfe yake ja. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya zaɓi abin da zai taɓa."

Ya miƙe a hankali, yana dafa kujera saboda bayansa. Sai muka ji murya daga ƙasa, ƙarama, ba irin wadda muka sani ba.

"Gwani, ka yafe mini."

Tsohon ya dube shi daga sama.

"Gawa ba ta magana. Kai ka kafa dokar da bakinka. Ita ma ba za ka iya riƙewa ba?"

Ya juya ga ƙanwata ya ce Allah ya yi mata albarka, ta yi ƙoƙari, abincin ma daga gani ya yi daɗi. Bai ci ko loma ba. Ya sa takalmansa a bakin ƙofa, bai yi sauri ba, ya fita.

A nan akwai wani ɗan lokaci da abin zai iya juyawa. Na ga Uwar Leda ta cire gyalen ta ninke shi a cinya. Direba ya ajiye kazar, yana kallon ƙasa. Mutum ya roƙi gafara a kwance an ƙi shi a gaban matarsa, ko dutse ne a ƙirjinka sai ka ji wani abu. Da Rediyo ya yi shiru, da ya tashi ya zauna ya sunkuyar da kai kawai, ina jin da washegari wani ya ɗan matsa masa a benci.

Sai ya tashi zaune yana murza gwiwar hannu, ya ce, "Kun dai gani, na roƙe shi. Kuma ku ma kun san maganar notin nan, in za a bi gaskiya, da yaro ne ya haɗiye..."

Uwar Leda ta ajiye gyalen a kan tebur ta ɗauki jakarta. Direba ya cire tabarau ya jefa a kwali. Ba wanda ya yi sallama da shi. Yana ta bayani har suka kai titi, sannan ya shige ɗaki da kwat ɗinsa ya turo ƙofa.

Na tsaya taya ƙanwata tattara kujerun roba. Ta hure kyandir ɗin, ta ɗage labule, ta daɗe tana kallon abincin da ta wuni tana dafawa.

"Yaya, idonka a buɗe yake lokacin kiɗan?"

"A buɗe."

"Ka gan shi yana tsaye yana jira."

"Na gan shi."

"Idonsa a rufe yake. Da ka tashi ka dafa shi, ai bai san hannun wa ba ne."

"Ba ni aka ba kisan ba."

Ta cire hular ta ajiye a kan kwalin.

"Kai kujerun nan gidan maƙwabta. Daga can ka wuce gida."

Rediyo bai ƙara nufo benci ba. Ya riƙa cin abincinsa a tsaye a cikin sito, tsakanin buhuna. Kafin shekara ta fita ya ajiye aikin, ya kama wani ɗan teburi a tashar mota yana sayar da caja da murfin waya. Mai gida ya kawo mana sabon shugaban aiki daga waje, mutum mai shiru, wanda ya fi Rediyo mugunta nesa ba kusa ba. Ƙanwata tana gaishe ni in mun haɗu a sha'anin dangi, ta tambayi yara, ta wuce.

Kwanaki na hango shi ta tagar mota, ya tare wani matafiyi yana zuba masa labari, mutumin yana ta duba agogo. Ya ɗago muka haɗa ido. Ya ɗaga hannu rabi, bai san ko zan amsa ba. Kafin in yanke shawara motarmu ta tashi.